Mai Shayar da Dutse

"Tarin gado ne!" in ji Baba Mala. "Shi ya ɗauke kakan Kalilu, shi ya ɗauke ubansa. Ba zan ba shi 'yata ta dawo mini da takaba ba."

Ni Zuwairatu, da na riga yayyena maza sauke Alƙur'ani, ba na haɗiye magana sai na tauna ta.

"Baba, in gado ne, me ya hana shi kama Nababa, wan Kalilu?"

"Ai shi fataucin gishirin Keana yake yi."

"To, ka gani?"

"Rufe mini baki!"

Na rufe. Amma da hantsi na bi hanyar Doma har inda Kalilu ke sassaƙa duwatsun niƙa. Na laɓe ina kallo. Duk saran da ya yi sai farar ƙura ta tashi, ta sauka a girarsa da gemunsa, ta bi numfashinsa.

"Zuwaira! Sanyin idona, lafiya?"

Na miƙa masa gefen mayafina. "Fyace hancinka a nan."

"Yau kuma nan soyayyar ta kai mu?"

"Fyace, na ce!"

Na murza abin da ya fito a yatsuna, na ji shi garas-garas kamar yashi.

"Kalilu... dutsen nan kake shaƙa. Sana'ar kuka gada, ita ke kawo tarin."

Ya yi dariya, dariyar ta ƙare da tari mai tsawo.

"In na ajiye guduma, me Innata za ta ci? Ke fa?"

Na tuna Kaka ba ta share tsakar gida sai ta yayyafa ruwa. Na ɗauki gorarsa na juye a kan dutsen.

"Ruwan shana ne fa!"

"Sara mu gani."

Ya sara. Ƙura ba ta tashi ba, sai farin taɓo da ya gangaro. Ya sake sarawa, ya ɗago ya dube ni, idonsa ya ciko.

Damina biyu Baba yana cewa a'a, ni kuma ina korar duk wanda ya yi sallama da ni. A ta uku ya je da kansa, ya yini yana kallon aikin, ya dawo ya ce a kawo goro.

Tarin bai saki Kalilu ba, abin da ya shiga ƙirji ya riga ya shiga. Amma ya lafa, har ya ga auren 'yarmu ta fari.

Kullum ni ke ɗaukar masa tulu zuwa wurin aiki. Matan garinmu Lafiya suna kirana mai shayar da dutse.

Ina amsawa, da ƙarfi ma.