Gwiwar Bahagon Gwangwan

"Ka janye, Daudu! Don girman Allah ka janye!"

Safara'u ta dire tukunyar langaɓun da take talla a gindin tsamiyar bakin kasuwar Ƙaraye, har romo ya fantsal mata a zane.

Daudu ya dube ta yana murmushi. Ƙato ne na gaske, in ya tsaya a ƙofar zaure sai zauren ya yi duhu. Mahauci ne daga Gwangwan ta ƙasar Rogo, kuma tun da ya fara ɗaura zare a hannu ba a taɓa kai shi ƙasa ba. A dambe, da zarar hannunka ko gwiwarka ta taɓa ƙasa, an gama da kai ke nan. Gwiwar Daudu kuwa a salla kaɗai take taɓawa. Da hagu yake duka, shi ya sa ko waye ka tambaya ya san Bahagon Gwangwan.

"In janye? Haba farin cikina! Makaɗa sun riga sun kai labari har Gwarzo. Jibi ne fa."

"Da yayana za ka yi!"

"Shi ya nema. Shi ya ce ba rabuwa sai ɗaya ya faɗi. So yake ya ga ko mai neman ƙanwarsa namiji ne."

Gaskiya ya faɗa. Liti, yayan Safara'u, shi ne zakaran Ƙaraye, ɗan Tsoho Sarkin Fawa, mutum mai zuciya kamar garwashi. Safara'u ta waiga hagu da dama, ta sassauta murya.

"Ya sa na rantse ba zan faɗa wa kowa ba... Ko Baba bai sani ba. Bara da Salla, da ya yi hawan ƙaho, sa ya buge shi a gefen kai. Tun ranar idonsa na hagu ba ya gani. A buɗe yake tar, amma ba komai a ciki. Da na dama kaɗai yake rayuwa."

Murmushin Daudu ya ɗauke. Ya dubi hannunsa na hagu. Ba sai an gaya masa inda dukan bahago yake sauka ba: a gefen dama na fuskar abokin karawa. Ya san mutum nawa ya kumbura wa idon nan.

"Me ya sa kika gaya mini?" ya ce a hankali.

"Don ba ni da wanda zan gaya wa! In na yi shiru, ka makantar mini da ɗan'uwa. In na faɗa a gida, ya tsane ni har abada. Ka dake shi a ƙirji mana, ko a kafaɗa..."

"Safara'u, in kalangu ya taso, hannun nan ba ya jin maganata."

"To ka ce ba ka da lafiya!"

"Ni? A ce Bahago ya gudu?"

Ta sunkuci tukunyarta, hawaye na zuba. "Shi ke nan. Ka riƙe sunanka, Allah ya bar ku tare."

Ya kira ta har sau biyu, ko waiwaye ba ta yi ba.

Ranar damben, da la'asar, filin bayan gari ya cika maƙil. Lokacin kaka ne, an gama sussukar gero, ƙaiƙayi ko'ina a ƙasa. Mutanen Rogo sun zo a ƙafa da jakuna, har hakimi ya turo dogarai su tsare taro. Safara'u ta tsaya cikin 'yan mata masu talla, ba ta sayar da ko ludayi ɗaya ba.

Kalangu ya ɗauka. Makaɗin Rogo, Ɗantala, ya ɗaga murya: "Bahago na Gwangwan, ƙasa ba ta san gwiwarka ba!"

Aka ja daga. Liti ya shigo da zafinsa, yana ɗan karkata kai don idon dama ya ga hanya. Kowa ya ɗauka salo ne. Ban da shi kansa, mutum biyu kaɗai suka san dalili.

Turmin farko Daudu bai kai duka ba, sai kaucewa. Na biyu ma haka. Mutanen Rogo suka fara ihu: "Sake shi mana! Me kake jira?"

A na uku Liti ya kawo wawan duka ya wuce, fuskarsa ta dama ta buɗe fayau. Safara'u ta ga hagun Daudu ya tashi sama. Ta runtse ido ta ce, "Innalillahi..."

Sai ta ji filin ya yi tsit, sannan ya fashe da sowa.

Da ta buɗe ido, Bahagon Gwangwan yana durƙushe, gwiwarsa a cikin ƙaiƙayi. Liti na tsaye a kansa yana haki, idonsa na dama lafiya lau.

Kai, ranar an ga abin kunya da abin murna a fili guda! Ƙaraye ta ɗauki Liti a kafaɗa. Ɗantala ya rataye kalangunsa yana kuka wiwi kamar an yi masa mutuwa. Daudu ya miƙe ya kakkaɓe gwiwa, duk wanda ya tambaye shi sai ya ce, "Santsi ne. Ƙaiƙayi ya kwashe ni."

Washegari ta same shi a gindin tsamiyar nan.

"Daudu... me zan ce maka?"

"Ki ce in zo da magabatana."

"Sunanka fa? Kirarinka?"

"Ɗantala zai nemo wani. Ke ce ba ni da inda zan nemo wata."

Ta rufe fuska da mayafi tana dariya tana kuka. Wallahi a ranar ta san ko a bukka zai ajiye ta, ta yi dace.

Tsoho Sarkin Fawa bai ja zance ba. Cewa ya yi yaron da ya sha kaye bai yi rigima ba, ya isa a ba shi mata. Aka ɗaura aure kafin azumi. Liti kuwa ya ajiye dambe a shekarar, ya ce tun da ya kayar da Bahago, wa kuma ya rage? Safara'u ta ji wannan cika bakin ta haɗiye, ta yi hamdala a zuci.

Daga nan ita take kaɗa wa mijinta zaren ɗaurin hannu, da audugar gonarsu. Ya yi dambe a Kiru, ya yi a Malumfashi da Funtuwa da Zariya. Shekarar da Turawa suka kwashi samari zuwa yaƙin duniya a ƙasar Bama, ya kayar da wani ƙaton Basakkwace da aka ce ƙarfe ba ya kama shi. Ba a sake ganin gwiwarsa a ƙasa ba har furfura ta fito masa ya koma kan teburin nama a kasuwar Rogo. Sai dai kirarin nan na farko bai dawo ba. In ana lissafin gwanaye, sai wani ya ce, "Bahago ai babu kamarsa, in ban da Liti na Ƙaraye."

Liti ma bai bar shi ya huta ba. Duk zuwan da zai yi ganin 'ya'yan ƙanwarsa, tun daga zaure zai fara: "Ina mai santsi? A share masa tsakar gida kada ya faɗi!"

Daudu ya yi ta dariya. Safara'u kuwa abin yana ƙona mata rai.

"Maigida, ka bar ni in gaya masa mana!"

"Ki gaya masa me? Santsi ne."

"Har ni za ka gaya wa haka?"

"Har ke, uwar Kubura."

Wata shekara da damina ciwon haƙarƙari ya kwantar da shi. Ƙaton nan ya zube har Safara'u ita kaɗai take iya juya shi. Aka aika Ƙaraye. Liti ya iso da hantsi, jiƙe sharkaf, ya zauna a bakin gado. Yau babu tsokana.

"Bahago," ya ce, "dukan nan nawa bai same ka ba. Iska na daka. Na ga hannunka ya taso, na ga inda ya nufa, na ga ka mayar da shi. Tun ranar na sani."

Safara'u ta dafe ƙirji. "Yaya! Ka sani kake ta yi masa tsiya shekara da shekaru?"

"To yaya zan yi? In na yi godiya, gari ya ji, abin da ya yi mini ya tashi a banza ke nan. Shi ya zaɓi a ce santsi ne, na taya shi." Ya kama hannun hagun nan da hannu biyu. "Da idon nan na ga 'ya'yana, na ga jikokina. Na gode, ɗan'uwana. Allah ya saka maka da Aljanna."

Daudu ya buɗe ido da ƙyar, ya dubi Liti, ya dubi matarsa, bakinsa ya motsa da ɗan murmushi.

"Ku dai... ba ku san ƙaiƙayin Ƙaraye ba."

Kafin azahar ya cika, kansa a cinyarta, da kalmar shahada a bakinsa.

Safara'u ta yi kuka, amma ba na ƙorafi ba. "Alhamdulillahi," take ta faɗa. "Allah ka ba ni, na kuwa more. Ka yi masa yadda ya yi mana."

Da aka kawo alawayyo za a ɗinka likkafani, ta ɗauko ragowar zaren da ta kaɗa masa, ta ba 'yarta Kubura ta miƙa zaure. Dattawa suka karɓi allura. Wannan ya gwada zura zare ya kasa, wancan ya gwada ya kasa, ga duhun hadari, ga idanu sun tsufa.

Daga bayan ƙyaure ta ji muryar yayanta.

"Ku kawo nan."

Ta leƙa. Liti ya matsa bakin ƙofa inda haske yake, ya karkata kai kamar yadda ya yi a fili ranar nan, ya ɗaga allurar daidai idonsa na dama. Zaren ya shige tashi ɗaya.