Kwalba Ta Goma Sha Huɗu

Ƙarfe takwas na safe Dakta Halima Sadiya ta kai ƙara ofishin 'yan sanda na Kalgo. An shiga ɗakin bincikenta.

Insfekta Sirajuddeen, mutumin da ba ya barin shari'a ta kwana, ya bi ta.

"Mi aka ɗauka, Dakta?"

"Kwalbar nono ɗaya, ta goma sha huɗu, da takardar gwajinta."

Ta yi masa bayani. Shekara uku ta yi tana haɗa 'yar takardar, mai ɗauke da ƙwayoyin zinariya da ido ba ya gani. In aka ɗiga mata nonon saniya mai bakkale, ciwon da ke sa shanu ɓari, sai ta yi ja. Yara shida daga Dodoru na kwance asibiti a Gwandu da zazzaɓin da nonon ke jawowa. Cikin shanu talatin na Dodoru da aka gwada, ta goma sha huɗu ce kawai ta yi ja.

"In ban gano saniyar ba, yara za su ci gaba da sha."

Ƙofa lafiya lau, ga kwamfuta an bari. Ɓarawon da ya tsallake kwamfuta ya ɗauki nono? Abin ya ba Insfekta haushi.

Garba maigadi ya rantse bai ga kowa ba. Da aka matsa masa, ya ce, "Ranka shi daɗe, na je cin abinci. Amma makulli biyu ne, na Dakta da na Malam Abdulbaƙi."

Abdulbaƙi shi ne mataimakin Dakta, kuma shi ya tatso nonon ya rubuta lambobi.

"Ina rajistar da ke nuna mai kowace kwalba?"

"Ta ɓata, Yallaɓai."

"Kana da dangi a Dodoru?"

"Ban san kowa ba can."

Insfekta ya fita, ya buga waya asibiti, ya dawo fuska ɗaure.

"Shike nan. Likitan dabbobi zai killace duka talatin ɗin, wadda ta yi ɓari a yanka ta."

"Haba Yallaɓai! Ai sau ɗaya Saige ta yi ɓari!" in ji Abdulbaƙi.

Insfekta ya juyo ya dube shi.

"Baƙo lamba yake kira, Malam. Ɗan ruga ne ke kiran saniya da sunanta."

Abdulbaƙi ya amsa laifinsa: kwalbar ta nonon Saige ce. Garken babansa ne. Saige jikar saniyar da aka ba shi ranar sunansa ce, kuma rugarsu ba a taɓa yanka wannan jinin ba.

"Na zuba nonon a kwata. Amma wallahi na ce a riƙa tafasa nata."

"Yaran sun zama bakwai da safen nan," in ji Insfekta. "Kakar ta bakwan ta ce nonon gida ba ya son wuta. Sunan yarinyar Indo Abdulbaƙi."

Abdulbaƙi da kansa ya miƙa hannu aka sa ankwa.

"Yallaɓai, mu biya ta Dodoru tukuna. Ni zan nuna muku saniyar."