Ranar da Macen Tambari Ta Ɓace

Sufeto Sarpomaa ba ta gama karya kumallo da dokunu, tuwon masarar nan, ba Kofur Tawiah ya faɗo ofis yana haki.

"Madam, an sace tambarin fada a kwaleji. Samarin gari sun taru a bakin ƙofa da sanduna."

Ta san tamburan nan, biyu ne, namiji da mace, sarki ya ara wa ƙungiyar kiɗa ta ɗalibai saboda bikinsu na shekara. Ta kuma san mutanen garin. A ci musu iyakar gona su yi haƙuri, amma ban da kayan kakanni.

A ɗakin maigadin kwalejin ta tarar da Antwi, shugaban ƙungiyar. Sunansa ake ta kira daga waje.

"Kai ka ɗauka?"

"Madam, ni da na durƙusa gaban sarki na rantse zan mayar da su lafiya? In na ɗauka ai kaina na sata."

"Makullin ɗakin ajiya fa?"

"Nan yake rataye. Kowane ɗan ƙungiya yana ɗauka."

"To, zauna nan. Ko an ce uwarka ce ke kira, kada ka fita."

Ba a fasa ƙofar ɗakin ajiyar ba. Namijin tambarin yana nan shi kaɗai a kan katakon da ake jingina su. Wannan ya dame ta, domin ɓarawon da zai sayar ba zai raba su ba, ɗaya ba ya magana sai da ɗan'uwansa.

Tana tsaye sai ga Nana Bediako, tsohon makaɗin fada da ke koya wa ɗalibai kiɗa a gindin bishiya bayan an tashi daga aji. Ya tsaya turus.

"Wa ya mayar da shi dama?"

"Da ina yake zama, Nana?"

"Namiji hagu, mace dama. Tun kakana haka ne. Wanda ya juya su ya kaɗa su ne, kuma bahago ne."

"Akwai bahago cikin ɗalibanka?"

Tsohon ya yi tsaki. "Hagu a gaban sarki? 'Yata, ba na koya wa bahago."

Ta tara 'yan ƙungiyar, ta sa kowa ya rubuta sunansa. Duk da dama suka rubuta. Ta ji haushin kanta, ta manta cewa a nan tun yaro yana rarrafe ake dukan hannun hagunsa har ya daina miƙa shi. Hayaniyar waje kuwa sai ƙaruwa take, har an fara jifan ƙofa.

Ɗaya ne kawai bai ɗago kai ba, Fordjour, abokin ɗakin Antwi.

"Kai wane kiɗa kake yi?"

"Ba na kiɗa, Madam. Ɗaukar kaya ne aikina."

"Jiya da rana ina kake?"

"Laburare."

Kofur Tawiah ya yi dariya. "Laburaren da aka rufe saboda rufinsa na yoyo? Kai, ka iya karatu, har ta cikin bango."

Sarpomaa ta ɗauki lemo daga kan tebur kamar za ta ɓare, sai ta wurga masa ba zato. Hannun hagunsa ne ya cafe. Ya dubi hannun, ya dube ta, sai hawaye.

"Tun shigowata nake ɗaukar su a ka, Madam. Duk abin da Nana ya koya musu na haddace, amma ya ce hannuna abin kunya ne. Jiya da kowa ya tafi cin abinci, na ce bari in ji muryarsu ko sau ɗaya. Na juya su na kaɗa. Fatar macen ta fashe. Tana gonar koko ta kwaleji, na rufe ta da ganye. Na yi niyyar nemo mai gyara."

"Da ka ji ana kiran sunan Antwi da sanduna fa?"

Ya sunkuyar da kai. Ta ji tausayinsa, ba za ta ɓoye ba, amma ta ce wa kofur ya sa masa ankwa.

A lokacin ne suka ji ƙara daga bakin ƙofa. Ta kwasa da gudu, zuciyarta na gaya mata ta makara. Antwi bai zauna ba. Ya fita ya roƙi samarin da kansa, yana ganin wanda bai yi laifi ba ba shi da abin tsoro.

Ta yi ihu cewa an samu tambari, suka ja da baya. Antwi na zaune a ƙasa, ya rungume hannun damansa, yatsun sun karye sun lanƙwashe. Da aka zo wucewa da Fordjour, Antwi ya ɗago kai.

"Kai ne? Abokina, da ka faɗa mini, ai tare za mu je mu durƙusa."

Fordjour ya juya ga ma'aikaciyar jinyar kwaleji da ta zo tana ɗaure hannun Antwi.

"Anti, zai sake kiɗa?"

Ba ta dube shi ba. Kofur ya tura shi cikin mota.