Wadda Ba a Ƙirga Ba

Tumaki na je dubawa a kan tudu da yamma, kusa da kangon gidan kakanninmu. Nuala, 'yar ƙanwata, ta biyo ni da takarda a hannu. Tun da aka buɗe wa kowa tsofaffin takardun ƙidayar jama'a, ba ta da zance sai na kakanni.

"Kawu Malachy, ga gidanmu, mutum shida. A kangon zan karanta musu sunayensu."

"Ba a kiran suna a kango," na ce. "Kuma su bakwai ne."

"Kai tsoho, har lissafin naka ya tsufa."

Na gaya mata a taƙaice. Dokar ƙidaya ita ce a rubuta duk wanda ya kwana cikin gida a daren. Mutanen gidan suna da yarinya da ba ta magana, suka ce aljanu ne suka musanya musu ita. Ranar ƙidaya kakan babana ya kai ta garken shanu ya kulle, don kada ta shiga takarda. Da ya ga gidan ya fi masa daɗi haka, bai sake shigo da ita ba. Sunanta ma sun daina kira, har aka manta shi.

Nuala ta ce, "Allah sarki," ta shige kangon.

Babu rufi. Ana yayyafi. Ta tsaya inda murhu yake a da, ta ɗaga murya.

"Thady. Honor. Bartley."

Karena ya kwanta ya manna haɓa a ƙasa.

"Sabina. Ulick. Delia."

Sai wari ya taso. Jiƙaƙƙen bambaro da fitsarin shanu. Rabon wurin da saniya tun kafin a haife ni.

Daga wajen garken na ji ana kankarar katako da farce. Ƙofar kuwa ta daɗe da ruɓewa.

Sai taku. Ƙananan ƙafafu, babu takalmi, cikin laka.

Suka tsaya a bayanta.

"Kawu," ta ce cikin raɗa, "wa ya riƙe mini riga?"

"Yi shiru. Taho."

Tsoro ya sa ta yi ladabi. Ta ce, "Ku yi haƙuri, ni 'yar gida ce. Ni ce Nuala."

Suna na bakwai ke nan da aka kira a kangon.

Wata 'yar murya, busasshiya, ta amsa.

"Na'am."

Na fizgo Nuala. Wani abu mai sanyi ya kama ɗan yatsana, na ji ƙas. Ban waiwaya ba. Da ja na kai ta mota.

Yatsan bai sake lanƙwasuwa ba. Nuala tana raye, tana ci tana sha, amma ba ta ƙara cewa uffan ba. Likitoci a birnin Galway ba su ga komai ba. Rana na faɗuwa sai ta fita bayan gida ta tsuguna cikin rumfar itace, ko ana ruwa.

Mijinta ya daina kiran sunanta. Ya ce duk sanda ya kira ana amsawa, amma daga ɗakin 'ya'yansu.