Bakan Gizo da Barkonon Iya

Wata ranar Laraba da la'asar, rana na yamma, hadari na gabas, sai bakan gizo ya fito. Wani mai hoto ya daɗe yana jiransa. Ya fara kafa akwatin hotonsa mai ƙafa uku, sai ya ga barkonon wata tsohuwa baje a tabarma.

"Iya, kwashe shanyarki."

"Kai, ɗan nan! Bakan gizo ya sha ruwan."

"Bai sha ba, Iya. Hasken rana ne cikin ɗigon ruwa. Ruwan yana tafe."

Ta ƙi tashi. Ya dubi sama, ya dubi barkono. Ya bar akwatin, ya kwashe mata. Yana gamawa ruwa ya sauko, bakan ya ɓace.

Washegari da safe ya goge akwatinsa, ya ba rana baya, ya zauna yana duban yamma, ko wani bakan zai fito.