Tutar da Ta Hana Mu Maki Uku

"Kada ya ƙara taka mini ƙofar shago! Kin ji ko ba ki ji ba?"

Auta ta ajiye kwanon abincin a kan keken ɗinki, ranta a ɓace. "Haba Baba! Saboda ƙwallo?"

"Ƙwallo? Shekara goma sha tara muna ruɓewa a ƙaramin rukuni! Saura wasa biyu mu haye na manya, mun zura ƙwallo a minti na tamanin da takwas, sai wannan saurayin naki ya ɗaga tuta wai satar gida! Maki uku suka koma ɗaya. Shi zan ba wa 'yata?"

Baba tela ne, kuma shi ke ɗinka wa magoya bayan kulob ɗin tutoci. Wanda Auta ke so kuwa mataimakin alƙalin wasa ne, kowa Mai Tuta yake ce masa. Wata guda ya rage a sa musu rana.

"Sharaɗina ɗaya," in ji Baba. "Ya zo nan, gaban mutane, ya ce kuskure ya yi."

Da yamma Auta ta kira Mai Tuta a waya.

"Masoyi, kalma ɗaya ce fa... ka ce ka yi kuskure, shi ke nan!"

"Rabin raina, ban yi kuskure ba. Da taku guda yaron ya wuce."

"To sai ka auri taku gudan!"

Ta kashe wayar. Kwana uku tana tsakanin masu taurin kai biyu. Umma ta yi lallashi har ta gaji, ta ce su ƙarata can.

Rana ta huɗu sai ga Mai Tuta a shagon. Abokan hirar Baba na zaune. Auta na bayan labule tana leƙe.

Ya durƙusa ya gaishe shi. Baba bai ɗago daga keken ba.

"Ina jin ka."

"Baba, ina son Auta fiye da yadda zan iya faɗa. Na san kuma abin da wasan nan ya ci maka... amma satar gida ce. Ba zan fara zama da kai da ƙarya ba."

Auta ta dafe kai. Shi ke nan, ya kashe su!

Keken ya tsaya. Baba ya dube shi, sannan ya zare tef ɗin awo daga wuyansa.

"Tashi tsaye."

"Na'am?"

"Kurma ne kai? Na ce tashi! Ni ma ina daidai layin nan a zaune, na ga satar gidan da idona. Filin nan kaf ana zaginka ba ka sauke hannu ba. So nake in ga ko a kan mace za ka sauke."

"Baba!" Auta ta fito, kuka da dariya sun haɗe mata. "Kwana uku ina kuka, ashe ka sani?"

"Ni shekara sha tara nake yi, wa ya lallashe ni?" Ya juya wajen Mai Tuta. "Rigar angonci ce, ka tsaya da kyau. Kuma wasanmu na ƙarshe, kada in ga ko inuwarka a filin. Ɗaga hannun in auna... ai wannan ka iya!"