Aron Ƙafa a Dunlarra

Rana ta yi ja a bayan tsaunuka lokacin da Nuala Garvey ta gama gyara wa 'yarta shimfiɗa. Tun hantsi suka iso ƙauyen Dunlarra daga birnin Galway, ita da mijinta Fintan da 'yarsu tilo Dervla, wadda tun haɗarin motar da ya taɓa mata laka ba ta sake taka ƙasa ba. Dervla ce ta ga hoton ƙauyen, da gidajensa masu rufin ciyawa da tsohuwar fadar dutse da aka mayar otal, ta ce tana so ta gani da idonta. An yi shekaru ba a ji ta ce tana son wani abu ba, saboda haka ba wanda ya yi mata musu.

Yinin bai yi musu daɗi ba. Hanyoyin ƙauyen duk shimfiɗar duwatsu ce, keken guragun ya yi ta tsalle har haƙoran Dervla suna haɗuwa. Gidan shayin ma matakala ce a ƙofarsa, sai a waje suka sha cikin yayyafi. A otal kuwa ɗakunan baƙi duk a sama suke, kuma babu lif, na'urar hawa bene. Da manajan ya gaji da ba da haƙuri, ya sa aka buɗe musu wani ɗaki a gindin hasumiyar fadar, wanda aka daɗe ba a kwana a cikinsa ba. Matar da ta kawo barguna a bakin ƙofa ta ajiye su, ta ƙi shiga.

Suna cin burodi da miyar kifi a gaban murhu, duhun magariba yana taruwa a taga, sai wata tsakuwa ta faɗo kan tebur. Fintan ya ɗaga kai ya duba rufi, ya ce tsohon gini ne. Ta biyu ta daki kofi ta fasa shi. Ta uku daga cikin murhu ta fito, ta gangaro a hankali kamar ana tura ta, ta tsaya a jikin tayar keken Dervla. Nuala ta sunkuya ta ɗauka, ta ji ta da sanyi kamar daga ƙasan rijiya aka tsamo ta.

Daga nan ɗakin ya yi tsit. Cikin shirun suka ji ana jan numfashi a bango, irin na tsoho mai ciwon ƙirji.

Nuala ta ce su tattara su tafi. Amma ruwa ya riga ya sauko, gadar ƙauyen ta nutse, kuma babu wani ɗaki a fadar da keke zai shiga. Haka suka kwana zaune, fitila a kunne.

Washegari ma ruwa bai janye daga gadar ba. Dervla ta yini ba ta ce uffan ba, ba ta ci komai ba. Da yamma Nuala ta fita karɓo ruwan zafi. Tana dawowa ta tarar da keken a tsakiyar ɗaki babu kowa a kai. Dervla na tsaye a bakin taga, a kan ƙafafunta biyu, ta ba ta baya.

Butar ta suɓuce daga hannun Nuala. Abin da ta yi shekaru tana durƙusawa a coci tana roƙo, ga shi a gabanta. Ta kira sunan 'yarta cikin kuka, yarinyar ta juyo. Fuskar tata ce, amma idon ba nata ba ne. Ta buɗe baki, wata murya mai kauri ta fito, tana magana da tsohon harshen ƙasar wanda Dervla ba ta taɓa iya ko gaisuwa da shi ba. Sannan ta bi ta gefen uwar da tafiya irin ta tsoho, tana jan ƙafar hagu, ta kama matakalar hasumiya.

Matar bargunan ce ta ruga ƙauye ta kira Fada Malachy. Tsohon limamin coci ne da ya daɗe da ajiye aiki, mutum mai karatu, wanda ake kai masa irin abin da likita ya sallama. Ya iso da kwalbar ruwan tsarki da gishiri a aljihu, ya hau matakalar nan mai murɗiya yana haki, Nuala da Fintan a bayansa.

A can ƙololuwa suka sami Dervla, tsaye a bakin katanga inda ginin ya zube, iska na kaɗa rigarta. Ƙauyen yana ƙasa can, fitilunsa sun fara kamawa. Fintan ya yunƙura zai cafke ta, tsohon ya riƙe shi, ya ce taku ɗaya zai sa abin da ke cikinta ya jefa ta ƙasa.

Fada Malachy ya zuba gishiri a bakin matakala, ya yi addu'a a hankali, sannan ya tambayi wanda ke ciki ko shi wane ne. Muryar ta yi dariya, ta juya zuwa harshen da duka suke ji. Ta ce tun kafin a aza harsashin fadar take wurin, magina suka danne ta da dutse, ta zauna a bango tana jin takun mutane yana wucewa a kanta.

"To ga ƙafafu an kawo min har ɗaki, mai su ba ta aiki da su," in ji muryar. "Laifi ne don na ara? Kai tsoho, naka ma ai sun kusa ƙarewa."

Fada ya umarce shi ya fita. Aljanin bai ko dube shi ba, Nuala ya zuba wa ido.

"Ke zan yi wa magana, uwa. Ina jin kukanki jiya, kin toshe baki da bargo. Bayanki ya gaji da ɗaga ta. In kika mutu, wa zai yi mata wanka? Bar ni a ciki. Za ta yi tafiya, za ta yi rawa, ki gani da idonki. Ki ce kin yarda, shi ke nan."

Babu ƙarya ko ɗaya a maganar, shi ya sa ta fi zafi. Nuala ta dubi ƙafafun nan sirara da take shafa wa mai kowace safiya, ga su sun dafe dutse da ƙarfi. Fintan yana kiran sunanta, ba ta ji. Bakinta ya buɗe da kansa.

Tsohon ya dafa kafaɗarta. Ya ce ba ita ke da jikin ba, ba kuma aljanin ba. A bari mai shi ta yi magana. Ya watsa ruwan tsarkin a fuskar yarinyar, ya kira ta da cikakken sunanta, ya sake kira, har muryarsa ta dushe. Jikin ya kama rawa. Can sai wata 'yar murya ta fito, siririya, kamar daga nesa.

"Mama, duhu ne a nan. Ina hango ki, amma ba na jin ƙafafun. Shi ke jin su. Don Allah kada ki bar ni a nan."

Nuala ba ta san lokacin da ta tsallaka zuwa bakin katangar ba. Ta rungume 'yarta ta ƙugu, ta ƙanƙame, ta ce wa abin da ke ciki in zai jefa ta sai dai ya jefa su tare, amma ba ta yarda ba, kuma ba za ta yarda ba.

Aljanin ya yi gurnani, ya fizge, ya zage ta da uwar banza mai son 'yarta a gurgunce. Da ya ga Fada bai fasa karatu ba, sai ya sauko da ciniki. Ya nemi a bar masa ita daga magariba zuwa asuba, aka hana. Ya nemi ƙafa ɗaya, aka hana. Daga ƙarshe ya ce a toshe ƙofar ɗakinsa da dutse, kada a sake shimfiɗa gado a kansa. Fada ya ce wannan ya ɗauka, shi da kansa zai tsaya a yi.

Iska ta ɗauke cak. Wani sanyi ya ratsa hannuwan Nuala ya wuce, suka ji tsakuwoyi suna gangarawa cikin bango, ƙasa, ƙasa, har sautin ya ɓace. Ƙafafun Dervla suka lanƙwashe, nauyinta duka ya dawo jikin uwarta.

Fintan ya goya ta. Matakalar ba ta da faɗi, sai a hankali suke sauka, Fada a gaba da fitila, Nuala a baya tana tallafe da ƙafafun da ke reto. Sun yi nisa kafin Dervla ta yi magana, fuskarta a kafaɗar ubanta.

"Na ga bakinki ya buɗe, Mama."

Hawayen Nuala suna ɗiga a hannunta.

"Da ni ya tambaya kafin ya shiga, ban san me zan ce ba ni ma," in ji Dervla. "Riƙe su da kyau, kada su bugi dutse."